Taura biyu a baki ɗaya? Amsa ga wata ma'aikaciyar gashi daga Jos

Assalamu alaikum Anti. Ni ma'aikaciyar gashin ƙashi ce, abin da a asibiti muke kira fisiyo. Shekarata 28, ina zaune gaban iyayena a Unguwar Rogo a nan Jos. Na yi karatun shekara biyar, na yi shekarar horo, na yi bautar ƙasa, yanzu shekara biyu ke nan ina aiki a wani asibiti. Ina son aikina, amma akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Kusan duk wanda aka kawo mana, sai aikin gama ya gama ake kawo shi. Mai shanyewar ɓarin jiki sai ya yi watanni kwance a gida, hannu ya riga ya ƙage, sannan a zo da shi. Ya zo sau uku ko huɗu, mu neme shi mu rasa. Na ga wasu jami'o'in Amurka suna haɗa digirin DPT na fisiyo da digirin MPH na kiwon lafiyar al'umma a yi su tare, kuma abin ya shiga raina. Baba ya ce zai sayar da filinsa, wanda ya tanada domin ƙannena, ya biya mini. Shugabana a wurin aiki kuma ya ce taura biyu ba ta taunuwa, kuma duk wanda ya gani ya tafi MPH barin sana'a yake yi ya koma zaman ofis. Na rasa na kamawa, ko barcin kirki ba na yi. Ki ba ni shawara.

Wa alaikumus salam, 'yata.

Da filin zan fara, domin a duk abin da kika lissafa shi kaɗai ne in ya tafi ba ya dawowa. Kada a sayar. Ki samu Baba ki yi masa godiya irin wadda ta dace da uban da ya yarda ya taɓa abin da ya ajiye wa ƙannenki saboda ke, sannan ki roƙe shi ya bar filin inda yake.

Ga lissafin. A manyan jami'o'in Amurka masu zaman kansu, kuɗin makaranta kaɗai na karatun DPT ya haura dala 30,000 a shekara. Tun da aka saki Naira a 2023 dala ta wuce Naira 1,000. Ko da mafi ƙarancin farashi kika buga, shekara huɗu ta zarce Naira miliyan 120, ba a sa haya ba, ba a sa abinci da inshorar lafiya da kuɗin jirgi ba. Tallafin karatu a irin wannan kwas ɗin ƙalilan ne, 'yan ƙasar ma yawancinsu bashi suke ci su yi. Abin da nake tsoro shi ne kuɗin filin ya kai ki shekarar farko ya tsaya, ki wayi gari a ƙasar mutane ba digiri, a gida kuma ba fili.

Amma ko da kuɗin na jibge, da zan ce ki dakata, saboda wannan haɗin ba domin irinki aka ɗinka shi ba. A Amurka galibi ba a shiga karatun fisiyo kai tsaye daga sakandare kamar yadda kika yi. Sai mutum ya gama digirin farko na shekara huɗu a wani fanni, sannan ya shiga DPT na shekara uku, kuma wannan DPT ɗin shi ne ƙofar shiga sana'ar, daga ilimin sassan jiki ake farawa. MPH kuma, in shi kaɗai za a yi, yakan ɗauki shekara biyu. Shi ya sa jami'o'i irin su Emory da ke Atlanta, da Northwestern, da Wisconsin suka haɗa su. A Emory shekara huɗu ake yi maimakon biyar. Ribar ɗalibi ke nan, ragowar shekara guda, kuma riba ce ta gaske ga wanda bai taɓa riƙe gwiwar mara lafiya ba. Ke kuwa kin wuce nan. Kina da lasisin MRTB, hukumar da ke yi wa ma'aikatan gashi rajista a Najeriya, kina da shekaru a ɗakin gashi. In kika shiga wannan tsarin, shekara uku cikin huɗu za ki yi kina biyan dala domin a koya miki abin da kike yi kowace safiya. Rabin kayan yana hannunki. Rabin da ya rage kawai kike nema, kuma ana samunsa ba tare da an sayar da ko taku ɗaya na fili ba.

In kuma laƙabin DPT ɗin ne ya tsaya miki a rai, ganin hukumar jami'o'i ta ƙasa ta mayar da karatun fisiyo shekara shida da wannan suna, akwai gajeren kwas na cike gurbi da ake yi wa masu tsohon digiri. Wannan ba gaggawa ba ne, zai jira ki.

Sai maganar shugabanki. Ina girmama shi, kuma akwai inda ya yi gaskiya, zan zo wurin. Amma a kan taura ban yarda da shi ba. Fisiyo da lafiyar al'umma ba taura biyu ba ne. Mutum ɗaya ne kike kallo daga wuri biyu: ranar da aka shigo da shi ɗakinki a kan keken marasa lafiya, da shekarun da suka gabaci wannan ranar.

Ɗauki mai shanyewar ɓarin jikin da kika ambata. Babban binciken nan na SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, ya nuna hawan jini shi ne kan gaba nesa ba kusa ba cikin abubuwan da ke jawo wannan ciwo a wurinmu. Wato kafin dattijon nan ya faɗi a bakin shagonsa a Terminus, ya yi shekaru yana yawo da jinin da ba wanda ya auna, ko an auna an ba shi magani ya sha na wata ɗaya ya ji sauƙi ya ajiye. Yaron da uwa ke goyowa wurinki yana shekara uku bai iya zama ba, sau da yawa in kika bi labarin za ki tarar da doguwar naƙuda, ko ciwon shawara da ya kama shi a makon haihuwa, idanu suka yi rawaya, aka ce a jira a yi suna tukuna. Yarinyar da ke jan ƙafa, wata allura ce aka yi mata a ɗuwawu a wurin da bai dace ba, ta taɓa jijiya. Yaron da hannunsa ya mutu ya lanƙwashe, ɗori ne aka ɗaure tamau jini ya kasa wucewa. Matan da ake yi wa aikin yoyon fitsari a cibiyar da ke asibitin Jankwano a nan Jos, wasunsu da raunin ƙafa suke zuwa, domin naƙudar da ta huda mafitsara ita ce ta danne jijiyar ƙafa. Duk waɗannan ke kike karɓarsu a ƙarshen hanya. Babu ɗaya daga cikinsu da ba a iya tarewa tun daga farkonta.

Shan inna ya ishe mu darasi. Shekara da shekaru ma'aikatan gashi a ƙasar nan suna miƙar da ƙafafun yara, suna auna takalmin ƙarfe, suna koya musu tafiya da sanda. Aiki ne mai lada, amma bai rage yawan yaran da ake kawowa da ko ɗaya ba. Abin da ya toshe ɓarakar shi ne ɗigon rigakafi gida-gida, da masu bin diddigin duk yaron da ƙafarsa ta saki, da masu zama da sarakuna da malamai har aka shawo kan iyaye. A 2016 aka ga yaro na ƙarshe da ƙwayar cutar ta asali, wadda ake kira ta daji, ta kama a Najeriya, a jihar Borno, kuma ranar 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ita. To amma dubi ɗaya gefen. Waɗanda cutar ta riga ta taɓa suna nan tare da mu, sun girma, kafaɗunsu sun gaji da jan jiki, bayansu ya karkace, kuma rigakafi ba shi da abin da zai yi musu. A nan Jos cibiyar Beautiful Gate ta daɗe tana ƙera musu kekunan hannu, kuma wanda ya assasa ta, Ayuba Gufwan, wanda shi ma shan inna ta taɓa, shi aka naɗa a 2024 ya shugabanci hukumar kula da masu buƙata ta musamman ta ƙasa. Mai lafiyar al'umma da bai san gashi ba, da zarar cuta ta daina yaɗuwa sai ya naɗe tabarmarsa. Mai gashi da bai san lafiyar al'umma ba, yana nan yana kwalfar ruwa rijiya tana ƙara kawowa. Wanda ya san duka biyun shi muke nema, kuma irinsa ba su da yawa.

Bari in gaya miki abin da ya kai ni MPH, domin nima ta ɗakin gashi na biyo. An taɓa gayyatata wani zama a Abuja inda ake tsara abin da za a sa a kasafin lafiya. Da aka zo kaina na yi bayani da zuciya ɗaya, na kawo labarin marasa lafiyata ɗaya bayan ɗaya, har na ga wasu sun sunkuyar da kai. Da na gama, mai jagorantar zaman ya yi mini tambaya uku. Mutum nawa ne? A waɗanne ƙananan hukumomi suke? Nawa za a kashe a kan kowane ɗaya, kuma me za a samu? Ba ni da amsar ko ɗaya. Masu zazzaɓin cizon sauro da masu rigakafi kowa ya zo da alƙalumansa a jere. Aka tashi ba a ware wa gashi ko sisi ba. Na daɗe ina jin ciwon wannan ranar, domin mutanen da na je wakilta su suka yi asara. Na haura shekara 40 lokacin da na koma aji, ina aiki ina karatu.

Abin da MPH zai ba ki ke nan: amsar waɗannan tambayoyi uku. Za ki koyi ilimin yaɗuwar cututtuka, ki san bambancin adadin waɗanda ciwo ya kama a bana da adadin duk masu ɗauke da shi a yanzu, wanda shi ne bambancin buƙatar rigakafi da buƙatar gashi. Za ki koyi ƙididdiga, da yadda ake zaɓen gidajen da za a shiga a yi tambaya har sakamakon ya wakilci gari. Za ki koyi yadda kuɗin lafiya ke tafiya daga Abuja zuwa ƙaramin asibitin ƙauye, da yadda ake wayar da kan jama'a ba tare da an raina musu hankali ba. Ki shirya wa lissafi. Da yawa daga cikinmu ƙididdiga ce ke ba su wuya, saboda haka tun yanzu ki saba da Excel sosai, in kin samu mai koya miki manhajojin ƙididdiga irin su SPSS ko R ki riƙe shi.

Kuma lokacin ya dace. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke aiki da shi ya nuna a 2019 mutum biliyan 2.4, kusan ɗaya cikin uku na mutanen duniya, suna da larurar da aikin farfaɗo da jiki zai amfane su. A 2017 hukumar ta ƙaddamar da shirinta na bunƙasa wannan fanni zuwa 2030, a watan Mayun 2023 kuma babban taronta ya zartar da ƙudurin farko a kan shigar da shi cikin tsarin lafiya na ƙasashe. A gida, dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin lafiya a matakin farko. Dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci ta samu sa hannu a Janairun 2019. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowa, a Filato kuma muna da PLASCHEMA, hukumar inshorar lafiya ta jiha. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan akwai teburin da ake zama a yanke ko gashi zai shiga cikin abin da inshora ke biya, zuwa nawa za a biya, ko za a horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane yaron da ya makara wajen zama da rarrafe. Mu ma'aikatan gashi 'yan dubbai ne kawai a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, yawancinmu kuma a manyan birane. In babu namu a teburin, babu mai tunawa da mu.

A ina za ki yi? Ba sai kin yi nisa ba. Jami'ar Jos tana bayar da MPH, kina kwana a ɗakinki kina zuwa aiki. Akwai Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, akwai Bayero a Kano, Ibadan kuma tsangaya guda ta ware wa fannin. In ƙetaren kike so, ki neme shi da kuɗin wasu. Tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya yana ɗaukar nauyin digiri na biyu na shekara ɗaya, makaranta da masauki da jirgi, yana neman wanda ya yi aikin shekara biyu, wanda kin cika, da sharaɗin ki dawo gida na shekara biyu bayan kin gama. Hukumar tallafin Commonwealth tana da na karatu daga nesa ta intanet. Makarantar koyon lafiyar al'umma da cututtukan ƙasashe masu zafi da ke Landan tana da cibiya sukutum ta bincike a kan nakasa. Gasar tana da zafi, ana iya nema sau biyu ko uku kafin a dace, shi ya sa nake so ki fara da na gida ko ki nemi duka a lokaci guda.

Yanzu inda shugabanki ya yi gaskiya. Hannu yana mantuwa. Na ga waɗanda suka yi MPH, suka samu aiki da ƙungiyoyin agaji, bayan shekara biyar ba za su iya tayar da mai shanyewar jiki daga gado yadda ya kamata ba. Sun zama ɗaya daga cikin ɗimbin masu MPH da ke yawo da takarda a Abuja, abin da ya bambanta su da saura ya zube. Darajarki a wancan teburin ita ce kin san nauyin ƙafar da ta mutu, kin san abin da ke sa matar gida ta gaji da jinyar miji a wata na uku. Saboda haka ki riƙa sabunta lasisinki duk shekara, kuma duk inda aiki ya kai ki ki tsare kwana ɗaya ko biyu a mako na ganin marasa lafiya. In kuma burinki koyarwa ne a sashen fisiyo na jami'a, digiri na biyu a fisiyo ɗin kansa shi ne miƙaƙƙiyar hanya, sai ki auna wanne za ki gabatar. Kada kuma ki fara karatu sai kin samu izinin wurin aikinki a rubuce, ko hutun karatu ne ko sassaucin lokaci. Alkawarin baki yakan tashi ranar da aka canja shugaba. Ki je wurin shi shugaban naki da kanki, ki ce masa ba barin sashen za ki yi ba, so kike ki kawo wa sashen abin da ba shi da shi, ki nemi ya sa miki hannu.

Ga aikin da nake so ki fara kafin ki cike kowane fom. Ki nemi izinin shugabanki da na kwamitin ɗa'ar bincike na asibitinku, ki ɗauko rajistar sashenku ta shekara ɗaya. Ki cire sunaye. Ga kowane mai shanyewar ɓarin jiki ki rubuta shekarunsa, garin da ya fito, tsawon lokacin da ya ɗauka tsakanin faɗuwa da zuwa wurinku, sau nawa ya zo, a zuwa na nawa ya daina. Waɗanda akwai lambarsu, in an ba ki izini, ki kira ki gaishe su ki tambayi dalili. A wasiƙarki kin ce "mu neme shi mu rasa". Ina so wannan maganar ta koma lamba. Wataƙila ki tarar na Rikkos da Gangare suna jurewa, na Wase da Dengi da Shendam su ne ke yankewa, domin kowane zuwa sai an yi shatar mota, an ɗauko mutum biyu masu ɗaga shi, an bar gona ko kasuwa. In haka ne, matsalar ba taurin kai ba ce, nisa ne, kuma maganinta shi ne gashin ya je inda suke: a koya wa ma'aikacin ƙaramin asibiti da 'yar da ke jinya yadda ake juya mara lafiya, da motsa gaɓoɓi, da tayar da shi zaune, ke kuma ki riƙa kewayawa kina dubawa. Wannan tsari na kai aikin farfaɗowa cikin al'umma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara yaɗa shi tun bayan taron Alma-Ata na 1978, ba sabon abu ba ne, masu yi ne babu. Filato na da ƙananan hukumomi 17. Ko a ɗaya kika gwada kika auna sakamakon, kin samu kundin digirinki, kin samu abin rubutawa a takardar neman tallafi, kin kuma samu abin ajiyewa a gaban masu kasafi.

Wannan aikin zai kuma gwada ki. In kika yi wata biyu kina fama da rajista kika ji kina ɗokin ganin abin da lambobin za su nuna, to fannin naki ne. In kika ji ranki na ƙuna, hankalinki na komawa ɗakin gashi, to kin gane da wuri kuma a kyauta, sai ki zurfafa a fisiyon jijiyoyi ko na yara, wanda shi ma muna matuƙar buƙata.

Tambaya ɗaya ta rage, ki amsa wa kanki ita tsakaninki da Allah. Karatun kike so, ko fita? In fita ce, ba abin kunya ba ne, na san albashin kuma na san gajiyar. Amma hanyarta daban ce: a Amurka ana tantance takardun wanda ya yi karatu a waje, ya cike abin da ya rage, ya zauna jarrabawar lasisi ta NPTE. Kada ki lulluɓe niyyar tafiya da rigar karatu har Baba ya rabu da filinsa a kan abin da ba shi ne ba. Sai dai yadda kika rubuta wasiƙar nan, ba ki yi kukan albashi ko sau ɗaya ba, kukan hannun da ya ƙage kika yi. Shi ya sa nake kyautata zaton karatun ne.

In za ki yi wa Baba magana, kada ki je masa da "na fasa" kawai, zai ɗauka kin karaya ne ko kina jin nauyinsa. Ki je da takarda: ga makarantar, ga kuɗinta, ga abin da za ki biya daga albashinki, ga ɗan abin da kike so ya taimaka da shi, ko kuɗin rajistar zangon farko ne ko kwamfutar da za ki yi aiki da ita. Uba irin wannan yana so a ce da hannunsa a ciki, ki ba shi wannan damar. Allah ya saka masa da alheri, ke kuma ya yi miki jagora. Idan kin gama da rajistar ki sake rubuto mini, ina so in ji wata nawa mutanenmu ke yi a gida kafin a kawo su, da kuma garuruwan da suka fi yankewa.